Garwashi a Ƙarƙashin Gadon Hinda

Litinin, 5 ga Satumba, 1955

An yi ruwa da asuba. Ɗakin mata ya yi yoyo a inda ya saba yi. Na matsar da gado, na tara kwano.

Abin da ya rage mini ke nan a gidan likitan Magariya: zagayen ɗakuna. Ajimi, yaron da na koya wa riƙe allura har hannunsa ya daina rawa, shi ne Majo yanzu, shi ne babba a kanmu, makullin kabad ɗin magani na rataye a wuyansa. Ni kuwa kowace safiya in bi ɗaki-ɗaki. In girgiza gado in ji ko ƙafa ta yi sako-sako. In duba ko gidan sauro ya huje, ko an rataye fitila kusa da shi. In ɗaga fo in ga ko kunama ta kwana a bayansa. In zuba ruwa a gwangwanayen da ƙafafun gado ke tsaye a ciki, don kada tururuwa ta hau kan mai gyambo. Allura sai in Majo ya gaji.

Ni ne fa mutumin da ya yi lekol, makarantar Nasara, a Damagaram, ya wuce Yamai, aka gwada shi aka ce Dakar za shi ya zama lokotoro, cikakken likita. Daga baya aka ce gurbi ya cika. Bai cika ba sai da aka zo kaina.

Wai idona ya yi rauni, in ji Lokotoro, Nasaran da ke zuwa daga Damagaram ya duba mu. Idon da ke ganin kuɗin cizo a ɗinkin katifa.

Talata, 6 ga Satumba

An kawo wata daga Kwaya, a kan gadon kara, maza sun ɗauko ta tun sassafe. Hinda. Ta daɗe a kan gwiwa kafin ta sauka, 'yar tana raye, ita kuwa zazzaɓi ya kama ta, jiki kamar tanda. Majo ya fara mata allurar fenisilin. Ya ce kullum za a yi, kuma ba za ta tafi ba sai an ƙare kwalaben da ya ware mata. Wannan gaskiyarsa ce. In aka yanke a tsakiya zazzaɓin zai dawo, kuma in ya dawo ba ya zuwa da wasa.

An sa ta a ƙaramin ɗakin ƙarshe, mai bango ɗaya da ma'ajiyarmu ta alkol ɗin wanke rauni da kananzir. Da nake gyara mata shimfiɗa na ga ƙafar hagu tana faɗuwa kamar ba tata ba. Na mintsini sha raɓarta. Ko gezau. Na faɗa wa Majo da Faransanci cewa daga gwiwa zuwa ƙasa ba ta ji, kan jaririyar ya danne jijiya. Ya ce ya gani. Bai gani ba, rubutu yake yi.

Mijin, Ɗan Azumi, manomi ne mai sunkuyar da kai. Wadda za a sha fama da ita gwaggon Hinda ce, Tabawa, tsohuwa busasshiya mai murya kamar ta mai tallan fura. Ta zo da tukunya, da kanwa, da ganyen wanka, da ƙunshi-ƙunshi, kamar wadda za ta yi shekara.

Laraba, 7 ga Satumba

Ina shiga ɗakin ƙarshe na ji ɗumi a ƙaurina. Na leƙa. Kasko cike da garwashi, daidai ƙarƙashin gado.

Na jawo shi da ƙafa. Tabawa ta miƙe. Na ce mata wannan ba gadon ƙasa ba ne irin na gida, mai kaurin kamu guda, wanda ake hura wa wuta a ciki ya ɗauki ɗumi a hankali. Gadon ƙarfe ne, tsakanin wuta da katifa ba komai sai ragar waya, katifar kuma audugar rimi ce. Na ce dokar gidan nan ta hana wuta a ɗaki.

Ta ce maijego ba wuta, so nake sanyi ya shige ta, ta kumbura, nono ya ƙafe? Ta ce ƙafar yarinyar ma ta riga ta yi nauyi, sanyin ne ya fara sauka. Na ce doka ce.

"Malam, kai ba mace ta haife ka ba? A kan me uwarka ta kwanta?"

 Na fita da kaskon na juye a bayan kicin. A kan gadon ƙasa uwata ta kwanta mana, da wuta a ƙarƙashi, har ta yi arba'in. Me ya haɗa wannan da wancan.

Alhamis, 8 ga Satumba

Kasko ya koma. Na fitar.

Juma'a, 9 ga Satumba

Ta gane lokacin zagayena. Yau na tarar ƙarƙashin gado fes, an share. Amma siminti da ɗumi, ga zoben toka inda gindin kaskon ya zauna. Tana zaune tana jan carbi tana kallon rufi. Ta ce ina kwana, mai leƙen gado. Mata biyu da ke ƙofa suka ƙyalƙyale.

Abin da ya kamata in yi, in faɗa wa Majo. In na faɗa zai kore ta. Ɗan Azumi ya tare ni a gindin darbejiya ya ce, Baba likita, a yi haƙuri da Gwaggo, ita ta raini Hinda, in aka fitar da ita shi ba ya iya barin matarsa a hannun maza, ɗauke ta zai yi. Ya ce ga gero ya nuna, tsuntsu ya sauka, gona ba kowa. Ƙafa ɗaya a nan, ɗaya a Kwaya.

To. In bar wuta, gado ya kama. In kori wuta, a ɗauke mara lafiya allura ba ta ƙare ba. Wannan ba su koyar da shi a Yamai.

Na ɗauko bargo daga ma'ajiya na kai. Tabawa ta shafa shi ta ce na soja ne, ya yi kyau da jaki. Daga ƙarshe muka tsaya a kan haka: wankan ruwan zafi ta yi mata a bayan kicin safe da yamma, kunun kanwa ta dama yadda take so, kasko kuwa ya zauna a lungu kusa da ƙofa, nesa da gado da gidan sauro. Ta yarda nan take. Saurin yardar bai yi mini ba, amma an kira salla.

Asabar, 10 ga Satumba

Zazzaɓin Hinda ya sauka kaɗan. Yau ta fara magana da ni. Ta jira gwaggonta ta fita, sannan ta tambaya a hankali ko ƙafar za ta dawo. Na ce Allah ne masani. Abin da nake faɗa ke nan in ban sani ba, da kuma in na sani ba na son faɗa. Wannan karon ban sani ba.

Majo ya sayi keke. Ya jingine shi a baranda inda kowa zai yi tuntuɓe da shi. Wannan ma ni zan duba?

Lahadi, 11 ga Satumba

Ba aiki. Gwiwa ta hana ni sakat. Matata Daso ta ce in daina kawo mata gidan likita cikin tuwo.

Litinin, 12 ga Satumba

Ban san ta inda zan fara ba.

Lokotoro zai zo jibi, saboda haka tun safe Majo ya sa kowa shafa farar ƙasa. Na yi zagaye a gurguje. A ɗakin ƙarshe na tsaya bakin ƙofa: kasko na lungu inda muka ce, fitila a ƙusarta, gidan sauro a ɗaure. A ƙarƙashin gado ƙunshin kayan Tabawa ne jere, da faifai a jingine. Ban durƙusa ba. Gwiwa.

Bayan azahar ina wanke hannu na ji ƙauri. Ba na itace ba, ba na girki ba. Irin na tsumma. Na bi shi har ɗakin ƙarshe. Tabawa ta tafi rijiya. Hinda na barci, jaririya a gefenta. Ba harshen wuta, ba hayaƙin kirki, sai wani siririn abu da ke fita daga gefen katifa. Na ture faifan. Bayansa sakaina ce ta fasasshen tulu, cike da garwashi, an ɗora ta a kan duwatsu don ta matso sama, daidai inda ƙafar hagu take.

Audugar rimi ba ta kamawa a ga. Ciki take ci.

Na ɗauke jaririyar na miƙa wa wata a ƙofa. Na jawo Hinda ƙasa, ban san ina da wannan ƙarfin ba. Na ja katifar zuwa tsakar gida, iska na taɓa ta ta tashi ɓul. Aka yi ta zuba ruwa. Ba wanda ya yi maganar abin da ke bayan bangon nan, amma na ga Majo yana kallon ƙofar ma'ajiya.

Sha raɓar Hinda ta ƙone, faɗin tafin hannuna, fata ta saɓule. Ita kuwa tambaya take me ya faru. Ba ta ji komai ba.

Tabawa ta dawo da tulu a ka. Ta sauke. Ta daɗe tana kallon ƙafar. Na shirya mata magana, tun daga tsakar gida nake jera ta. Sai ta ce, ba da ni take ba ma:

"Ba ta ce ya yi zafi ba. Maijego ita ke cewa a rage."

Haka ake yi, na sani. Mai hura wuta ba ta auna komai, wadda ke kwance ita ce ma'auni. In ta ce wayyo a janye. Tsohuwar nan ta yi wa mata da yawa jego a kan wannan, ba wadda ta ƙone. Ta ga ƙafa ta yi nauyi, ta ce sanyi ne, ta matso da wuta wurin.

Na yi mata maganar katifa. Na yi mata maganar doka. Cewa ƙafar ba ta ji, wannan Majo na faɗa wa, da Faransanci, yana rubutu.

Ƙila da safe sakainar ba ta nan. Ƙila bayan na wuce ta sa. Ba wanda zai iya cewa.

Talata, 13 ga Satumba

Majo ya kori Tabawa. Ya ce kafin azahar kada ya ga ko faifanta. Na bi shi biro, ofishinsa. Na ce a bar ta, yanzu ta gani da idonta, ba za ta ƙara ba, in ta fita za su tafi da yarinyar ga ƙuna ga allura ba ta ƙare ba. Ya ce da wutar ta kai ma'ajiya fa, mutum nawa ke kwance a gidan nan? Ya ce gobe Lokotoro zai tambayi katifa, shi za a tsare ba ni ba. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Ya bari na gama.

"Baba Ɗalha, duba ƙarƙashin gado aikin wa ne?"

Da ladabi ya faɗa. Da ma zagina ya yi.

Na wanke ƙunar, na ɗaure. Ɗan Azumi ya samo maza daga tasha. Na ce masa zazzaɓin zai dawo. Ya ce ya ji, Baba likita, Allah ya saka. Idonsa a ƙasa, hannunsa na ɗaure igiyar gadon kara. Tabawa ba ta dube ni ba. Kaskon ta bari a lungu, ban san ko mantuwa ba ce.

Laraba, 14 ga Satumba

Lokotoro ya zo. Ya yaba farar ƙasa. Majo ya ce katifa ɗaya ta lalace an ƙone ta, Nasara ya gyaɗa kai. Ya leƙa ɗakin ƙarshe, gado ba kowa, ƙasa a wanke, ya ce wannan ɗaki ya fi kowanne tsabta, a yi koyi da shi. Ya dafa kafaɗata.

Ya ci abinci a gidan Kumandan ya koma.

Alhamis, 15 ga Satumba

Zagaye. Ƙusar fitila a ɗakin maza ta kusa fita, na buga. Wani tsoho ya ɓoye wuƙa a ƙarƙashin matashi, wai maganin mugun mafarki, na karɓa na ba ɗansa. Gwiwa ta kumbura, don yau kowane gado sai da na kai ƙasa. Ba don komai ba, kada a sake samun abin faɗa mini.

Ba ruwana da Kwaya. Ba ni na kore su ba. Mutane nawa suka fita ta ƙofar nan a kan gadon kara tun da na zo, wa na bi? Ɗaurin da na yi zai kai yau, gobe ya fara wari. Za su kwance su shafa abin da suka sani. Kuma a gida gadon ƙasa ne, za a hura masa wuta sosai, don yanzu ba mai leƙe. Tabawa ta ga ƙuna, amma ta ɗauka laifin gadon Nasara ne. Har yanzu ba wanda ya ce mata ƙafar ba ta ji.

Ba ruwana.

Juma'a, 16 ga Satumba

Bayan masallaci na ci karo da wani mutumin Kwaya da ya kawo kaji. Gaisawa kawai muka yi, maganar ce ta zo. Ya ce matar Ɗan Azumi jiki ya koma, tun jiya take rawar ɗari.

Na sami Majo. Na ce gwiwa ta matsa, ina son hutu zuwa Talata. Ya ce to. Na ce da sauran kwalaben yarinyar nan, da allura, da bandeji. Ya ajiye alƙalami. Ya ce magani ba ya fita daga gidan nan, na fi shi sani. Ya ce ritayata ta kusa, in Lokotoro ya ji, a bakin aikina, kuma shi ba zai tsaya mini ba, yana da 'ya'ya. Na ce ban roƙe shi ya tsaya mini ba. Ya daɗe yana murza makullin. Sannan ya buɗe kabad, ya ce an riga an rubuta su da sunanta, shi bai ga komai ba.

Wace ritaya. Abin da za su ba ni ko goro ba zai saya ba.

Daso ta ce mai ciwon gwiwa ne zai hau doki? Na ce an ce akwai mai gyaran targaɗe a Kwaya.

Asabar, 17 ga Satumba, Kwaya

Dokin Gajere maƙwabcina, rago ne kamar mai shi. Hanya duk ruwa da yashi. Gero ko'ina ya sunkuya, ana ta kora tsuntsu. Maigari ya ba ni zaure.

Tabawa na tarar a ƙofar ɗaki tana tankaɗe. Ta dube ni, ta dubi jakata. Ta ce, Malam, wannan gadon na ƙasa ne, sai dai ka rushe shi. Na ce ta matsa in wuce.

Ɗakin duhu, zafi kamar maƙera. Hinda na kwance tana sambatu. Kafin in taɓa ta hannuna ya riga ni: fitilar man gyaɗa na jikin zana, na mayar da ita tsakiyar ɗaki a kan turmi. Igiyar shanya ta ratso ta saman ramin wuta, na kwance. Jaririya na gefen da za ta iya gangarowa, na mayar da ita wajen bango. Na durƙusa na ɗora cikin damtsena a kan gadon. Wajen kai da dama-dama. Wajen ƙafa ban iya barin hannun ba.

Na tafasa allura a tukunyarsu na yi mata. Ƙunar an shafe ta da wani abu baƙi, ban tambaya ba, na wanke. Ba ta kai yadda na zata ba.

Sannan na kira Tabawa. Na ce ta mintsini ƙafar dama. Hinda ta janye. Na ce ta mintsini ta hagu, da ƙarfi. Ta mintsina. Ta ƙara. Ta ƙara har farcenta ya bar shaida. Ta zauna a ƙasa.

Na ce mata ba sanyi ba ne, jijiya ce haihuwa ta danne, wuta ba ta tashe ta, ko ta dawo ko kada ta dawo. Na ce wannan ƙafar ba za ta taɓa cewa ya yi zafi ba, sai dai wani ya faɗa a madadinta. Na kama hannunta na ɗora cikin damtsenta inda na ɗora nawa. Ta fizge.

"Tun ran Laraba me ya hana ka faɗa haka?"

Na ce ta janye garwashin zuwa wajen kai, ta ninka tabarma biyu ƙarƙashin ƙafar, kuma duk sanda ta ƙara wuta ta auna da damtsenta kafin yarinyar ta kwanta. Ta tashi ta yi, ba musu.

Wutar ban fitar ba.

Lahadi, 18 ga Satumba, Kwaya

Allura. Ɗauri. Zazzaɓi na nan. Ɗan Azumi ya kawo tumu gasasshe, ya ajiye, ya koma gona.

Litinin, 19 ga Satumba, Kwaya

Gumi ya karyo mata da hantsi. Ta nemi kunu, ta ba 'yar nono. Ƙafa dai shiru.

Na shiga da safe ban yi sallama da ƙarfi ba, na tarar da Tabawa a durƙushe, damtse a kan gado, tana bi daga kai zuwa ƙafa, ido a rufe. Ta ji ni ta ce kada in tsaya mata a ka, ta auna. Na auna ni ma. Daidai ne. Ban faɗa mata ba.

Ta ce akwai wata maijego a gidan maƙera, su ma fitilarsu a jikin zana take, in ba na jin nauyin ƙafa. Na ce ni hutu nake yi. Da la'asar na leƙa, tun da hanya ce.

Kwalaben za su ƙare gobe. Ƙunar kuwa tana son hannu zuwa wani lokaci, kuma tsohuwar nan ɗaurinta ko na ƙunshin daddawa bai kai ba, sai an nuna mata sau da yawa. Na ce wa Majo Talata. Ƙila Alhamis. Hanyar ce ba kyau, dokin kuma ya gaji.